Kora Iri-iri Ce a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi kan Expel, Evict, Eject, Deport da Danginsu

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, lokaci-lokaci kuma ina taya wani gidan rediyo fassarar labaran ƙetare. A aji da ɗakin labarai duka, ban ga kalmar da ke kayar da mutanenmu ba kamar "kora". Mutum zai tsara jimlarsa tsaf, nahawu daidai, sai ya zo kan kora ya cafko kalmar da ta fara faɗo masa a rai, ka ji ya ce mai gidan haya ya yi *deporting* ɗinsa. Tambayoyin nan na tsinto su ne daga bakin ɗalibai masu shirin WAEC da NECO, da abokan aiki, da masu turo mini saƙo ta WhatsApp.

Malam, na duba "kora" a ƙamus ya jero mini kalmomi sun fi goma. Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Bahaushe da kalma ɗaya yake korar ɗalibi daga makaranta, ya kori ɗan haya, ya kori akuya daga bakin shanya, ya kori ma'aikaci, ya kori baƙin haure. Sauran maganar ce ke nuna wace irin kora ake nufi. Bature kuwa a cikin aikatau ɗin kansa yake ƙunshe bayanin: wa ya yi korar, da wane iko, daga ina, wani lokacin har da inda aka nufa da wanda aka kora. Saboda haka kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka waɗannan abubuwa.

Kada kuma ka ɗauka wannan wata fitina ce ta Turanci kaɗai. Mu ma muna yi. Ba ka cewa an fatattaki sarki idan gwamna ne ya tuɓe masa rawani, ba ka cewa an tsige ɓarayin daji, ba ka cewa an tasa ƙeyar maras lafiya idan likita ya sallame shi. Kunnenka ne ke hana ka, domin da Hausa ka tashi. Abin da ya rage shi ne ka sama wa Turancinka irin wannan kunnen.

Akwai dabara ɗaya da ke rage wahala. Yawancin kalmomin daga Latin suka fito, kuma goshinsu na ɗauke da *ex* ko *e*, ma'ana waje. Abin da ya biyo baya shi ke faɗin yadda aka fitar: *pel* tunkuɗawa, *ject* jifa, *tract* ja, *mit* aikawa, *trude* dannawa. Wanda ya riƙe wannan ya ci rabin jarrabawa.

To mu fara da *expel*. Yaushe ake amfani da ita?

Ita ce uwar ɗakin sauran, domin ta fi su faɗi. Hukuma ce ke *expel*, wato wadda take da ikon cewa daga yau kai ba namu ba ne: makaranta, jam'iyya, ƙungiya, gwamnati. Korar kuma ta dindindin ce. Ɗalibin da aka kama da satar amsa aka kore shi ɗungurum, *he was expelled*. Wanda aka ce ya je gida na mako biyu ya dawo da mahaifinsa, *he was suspended*, dakatarwa ke nan. A jami'o'inmu akwai ta uku, *rusticate*, korar zango ɗaya ko biyu. Asalinta daga kalmar Latin mai nufin ƙauye, domin a da can jami'o'in Oxford da Cambridge kan ce wa ɗalibi mai laifi ya tafi ƙauyensu ya ɗan huce. Mutumin Amurka da wuya ya gane ta, amma a Ingila da Indiya da Najeriya ana jinta.

Sai wanda aka koro saboda kuɗin makaranta. Wannan kullum sai na gyara a takardun yara. Suna rubuta *they drove me from school*, wasu ma *they pursued me*. Fassarar Hausa ce kai tsaye. Ba a yi masa *expel* ba, tunda da an biya zai koma ajinsa. Abin da za a ce shi ne *I was sent home for not paying my fees*.

Jakadu ma *expel* ɗinsu ake yi. A watan Agustan 2023 da sojojin da suka karɓi mulki a Yamai suka ba jakadan Faransa sa'o'i 48 ya bar Nijar, kalmar da jaridun Turanci suka yi ta amfani da ita ke nan. Haka lokacin da Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su fice daga Uganda a 1972.

Ba a kan mutane kaɗai ta tsaya ba. Huhu na *expel* iska, maganin tsutsar ciki na *expel* tsutsa, mahaifa na *expel* mabiyiya bayan haihuwa. Ɗalibai masu karatun jinya su lura da wannan, domin za su yi ta cin karo da ita a littattafansu.

Mai gidanmu ya ba mu notis. *Evict* zan rubuta ko *eject*?

*Evict*. Wannan kalma gida ɗaya ta sani: fitar da mutum daga gida ko shago ko filin da yake zaune a kai, galibi ta hanyar doka. Amma ka lura, takardar notis ba ita ce *eviction* ba. Notis gargaɗi ne, *quit notice* ko *notice to quit*. A Abuja da Legas, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan haya shekara-shekara wata shida ake ba shi. Sai wa'adi ya cika, an je kotu, alƙali ya ba da umarni, ma'aikatan kotu sun zo sun fitar da katifa da tukwane tsakar titi, sannan a ce *they were evicted*. Idan gwamnati ce ta tashi unguwa guda, kamar yadda aka rushe Maroko a Legas a watan Yulin 1990, ana cewa *forced eviction*.

*Eject* kuwa jifa ne. Duk wanda ya yi zamanin rediyo mai kaset ya san ta tun kafin ya san ma'anarta. Akwai maɓalli a can gefe, an rubuta EJECT a kai. Ka danna, murfi ya buɗe ɓat, kaset ya leƙo. Na tuna rediyon babana mai batir shida, wadda maɓallin nata ya saki, sai an sa tsinken ashana an tokare shi kafin ta tofo kaset ɗin wa'azi. Wannan ɓat ɗin ita ce ruhin kalmar: fitarwa nan take, da ƙarfi, ba dogon zance. Matuƙin jirgin yaƙi idan jirgi ya kama da wuta yana *eject*, kujerarsa ta harba shi sama. Bindiga na *eject* kwanson harsashi. Mai tayar da hankali a taro, 'yan tsaro su kama shi hannu da ƙafa su jefa waje, *he was ejected from the hall*. Har yau a kwamfuta, kafin ka zare filas sai ka danna *eject*.

Na san za ka ce ka sha gani a jaridun Najeriya an rubuta *landlord ejects tenant*. Gaskiya ne, kuma yana da asali, domin a tsohuwar dokar Ingila akwai ƙarar da ake kira *ejectment* ta neman a mayar wa mutum filinsa, lauyoyinmu kuma sun gaji lafazin. Ba zan sa wa ɗalibi jan biro a kai ba. Amma idan takardarka za ta fita waje, *evict* ce kowa zai gane ba tare da ya ɗaga gira ba.

Mene ne bambancin *deport* da *expel* idan ana maganar ƙasa?

*Deport* aikin jami'an shige da fice ne. Baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba, takardunsa sun ƙare ko ya yi laifi, aka kama shi aka sa a jirgi ko mota aka kai shi ƙasarsa. Wannan *port* ɗin ɗauka take nufi, wato hukuma ce ke ɗauke shi da kanta. Hausar 'yan jarida ta dace da ita sosai: an taso ƙeyarsa. 'Yan'uwanmu da ake kamawa a Saudiyya ba iƙama a dawo da su Kano, *deportees* ne.

*Expel* kuwa umarni ne na ka fita, ko ta yaya za ka fita. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana, a manyan motoci da jiragen ruwa da ƙafa, kayansu cikin jakar nan mai zanen ɗaki-ɗaki da har yau muke kira Ghana Must Go. Ba a bi su ɗaya bayan ɗaya an sa a jirgi ba, shi ya sa masana tarihi suka fi kiran abin *the 1983 expulsion*, ko da yake za ka ga masu cewa *mass deportation*. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Kofi Busia ta yi wa baƙi irin wannan a Ghana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro zango suka dawo gida.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ƙasa ba ta *deport* ɗanta. Wannan ne ma ya sa shari'ar wani ɗan siyasa mai suna Shugaba Darman ta yi suna. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallakar da shi Chadi da hujjar cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Duk rigimar kotu a kan kalma ɗaya ta tsaya: idan ɗan ƙasa ne, to *deportation* ɗin haramtacce ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gidansa.

Ina ganin *extradite* da *repatriate* da *evacuate* a labarai. Su ma kora ce?

Sun yi kama da ita daga nesa, amma kowace da tafiyarta. *Extradite* miƙa wanda ake tuhuma ne ga ƙasar da ke nemansa don ya fuskanci shari'a, bisa yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Ba lallai ƙasarsa ta haihuwa ba ce. James Ibori, tsohon gwamnan Delta, daga Dubai aka yi *extraditing* ɗinsa zuwa Birtaniya a 2011, ba Najeriya ba, domin kotun Landan ce ke jiransa. Abin da aka so yi wa Umaru Dikko, tsohon minista a gwamnatin Shagari, a Yulin 1984, da aka same shi a sume cikin akwatin katako a filin jirgin Stansted na Ingila, ba shi da wannan suna. Ba kotu, ba takarda, saboda haka *kidnap* ko *abduction* aka kira shi. Birtaniya kuma ta mayar da martani da *expelling* jami'an diflomasiyyar Najeriya biyu. Ka ga labari ɗaya ya ci kalmomi uku.

*Repatriate* mayar da mutum ƙasarsa ne, sau da yawa da yardarsa: 'yan gudun hijira, fursunonin yaƙi, gawa, har kuɗin da aka sace aka ɓoye a waje. *Evacuate* kuwa kwashe mutane ne daga haɗari. Ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartoum a 2023 da yaƙi ya ɓarke, *evacuated* ne. Wanda ya rubuta *deported* a kansu ya yi musu ƙazafi.

Sarkin da aka tuɓe aka kai wani gari fa? *Banish* ko *exile*?

Duka biyun suna shiga, amma ba ta ƙofa ɗaya ba. *Banish* hukunci ne daga mai iko: ka bar garin nan, kada ka sake takowa. Kullum wani ne ke yi wa wani. *Exile* kuwa ta fi karkata ga halin da mutum ya shiga na zaman nesa da gida, ko an tilasta masa ko shi ya gudu da ƙafarsa. Ojukwu ba wanda ya yi *banishing* ɗinsa. Shi ya hau jirgi zuwa Kwaddibuwa a Janairun 1970, *he went into exile*, ya zauna can har Shagari ya yi masa afuwa a 1982. Gowon ma bayan juyin mulkin Yulin 1975, wanda ya same shi yana taro a Kampala, zaman *exile* ya yi a Ingila.

Tarihin sarautunmu cike yake da misalan *banish*. Turawa sun kama Sarkin Kano Alu a 1903, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Afrilun 1996 aka kai shi Zing a jihar Taraba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II aka kai shi Loko, sannan Awe, a jihar Nasarawa. A kowane ɗayan nan abu biyu ne suka faru, kuma Turanci na raba su: *he was deposed*, an cire rawani, *and banished to Awe*, an nisanta shi da gari. Lura kuma ba a ce *deported* ba, tunda ba a tsallake iyakar ƙasa ba.

*Banish* tana da wani amfani mai daɗi a rubutun zube: *banish fear*, *banish the thought*, kawar da tsoro ko wani tunani daga zuciya. *Exile* ba ta cika yin wannan aikin ba.

Ni ɗan jarida ne. *Oust*, *depose*, *overthrow*, *impeach*, duk "tsige" nake fassara su. Laifi ne?

Abokin aiki, laifi ne, kuma ni ma na taɓa yin sa, a gaban dubban masu sauraro. A Disambar 2019 labari ya shigo ɗakin labarai da dare cewa majalisar wakilan Amurka ta yi *impeaching* Donald Trump. Ina gaggawa, na rubuta "an tsige shugaban Amurka", mai karanta labarai ya karanta yadda na ba shi. Da safe na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, yana fasa ƙwai yana tambayata, "Malam, to yanzu wa aka naɗa?" Na ce ba a naɗa kowa ba, yana nan kan kujerarsa. Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "To wace irin tsigewa ce wannan?" Ban da amsa, na shanye shayina na wuce.

A tsarin Amurka *impeach* tuhuma ce kawai. Majalisar wakilai ta tuhumi shugaba, majalisar dattawa ta yi shari'a. An yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Trump sau biyu, a 2019 da 2021, kuma ba wanda majalisar dattawa ta sauke. A Najeriya kuwa bakin mutane ya riga ya mayar da kalmar sauke mutum gaba ɗaya. Idan aka ce an yi *impeaching* Balarabe Musa a Yunin 1981, kowa ya san ya bar gidan gwamnatin Kaduna. Saboda haka duba ƙasar da labarin ya fito. Na Amurka ka ce "majalisa ta tuhume shi da nufin tsige shi". Na gida ka ce "an tsige shi".

Sauran sun fi sauƙi. *Overthrow* da *topple* kifar da gwamnati ne da ƙarfi, hamɓararwa. *Depose* sauke mai mulki ne ko mai sarauta. *Dethrone* ta sarki ce, sai kuma zakaran dambe ko ƙwallo da aka ƙwace wa kambu. *Oust* ita ce 'yar lelen masu rubuta kanun labarai saboda gajarta, kuma ba ta faɗin yadda aka yi. Mohamed Bazoum *was ousted* ranar 26 ga Yulin 2023 da bakin bindiga, shugaban kamfani ma ana iya *ousting* ɗinsa da ƙuri'ar masu hannun jari. Idan ka ga *oust*, karanta labarin har ƙasa kafin ka zaɓi Hausarta.

Korar ma'aikaci fa?

*Dismiss* ce ta takardar ofis. *Sack* ta bakin mutanen Ingila da mu, *fire* ta bakin Amurkawa. Ukun nan duk suna nuna akwai laifi ko gazawa. Idan kamfani ne ya rage ma'aikata don ciniki ya ja baya, kamar yadda masaƙun Kaduna suka yi ta yi kafin su rufe, *lay off* ake cewa, ko *make redundant*, ko *retrench* da muka fi sabawa da ita a nan. Wannan bambanci ba na ado ba ne. Wanda ya rubuta a takardar neman aiki cewa *I was dismissed* alhali rage ma'aikata aka yi, ya shafa wa kansa kashin kaji da hannunsa.

*Discharge* sallama ce: daga asibiti, daga aikin soja, daga gaban kotu.

Alƙalin wasa ya ba ɗan wasa jan kati. *Eject* ne?

A ƙwallon ƙafa *send off* ake cewa: *he was sent off in the second half*. Amurkawa ne ke cewa *ejected* a ƙwallon kwando da sauran wasanninsu.

Duk misalan nan na mutane ne. Idan abu ne ake matsowa daga cikin wani abu fa?

Nan ne Hausa ta fi Turanci ba ni sha'awa, domin muna da matsa, tatsa, tsotsa, zaƙulo, feso, tsattsafo, kowace da hotonta. Turanci ma haka yake rarrabawa, sai dai ta wata fuska.

*Squeeze* matsawa ce da hannu: lemon tsami, makilin, tsumma mai ruwa, ko da yake na wanki *wring* ya fi dacewa, wato murɗawa. *Extract* ja ne ko cirowa da dabara ko wahala. Je gidan masu ƙuli-ƙuli ka ga yadda ake yi: an soya gyaɗa, an kai inji an markaɗa, an zuba a turmi ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya har hannu ya gaji, sannan mai ya fara tasowa sama ana kwalfewa. Wannan *extracting oil* ne. Likitan haƙori ma *extract* yake yi, ɗan sanda kuma yana iya *extract a confession*, ya tatsi magana daga bakin wanda ba ya son faɗa. Mai jego da ke tatsar nono a kofi don jariri, *express* ake cewa, kalmar da yawancin mutane suka sani da wata ma'ana daban.

*Extrude* ta masana'anta ce. A danna abu mai laushi ta cikin rami ya fito da siffar ramin. Haka ake yin makaroni, haka ake yin bututun roba na famfo, haka injin niƙa nama ke fitar da shi zare-zare. Idan ba siffa ake nema ba, ba *extrude* ba ne.

Sai waɗanda abu ke fitarwa da kansa. *Emit* ta hayaƙi ce da haske da ƙara da zafi: salansar babur na *emit* hayaƙi. *Exude* daga kalmar gumi ta fito, tsattsafowa a hankali, kamar yadda ƙaro ke fitowa a jikin dakwara idan an tsaga ɓawonta. Ana aronta ga mutum, a ce *she exudes confidence*, wato kana ganinta ka san ta yarda da kanta. *Ooze* ta fi ta ƙazanta, ta mugunya ce da taɓo. *Spew* feshi ne mai yawa da ƙarfi, kamar dutse mai aman wuta. *Discharge* ta dawo nan ma, ga masana'antar da ke sako dagwalo cikin kogi, da ruwan da ke fita daga kunne ko ciwo.

Abin da ke fita ta baki fa?

*Spit* tofawa, idan aikin ya riga ya wuce *spat*. *Vomit* amai, a hira *throw up*. *Cough up* tari ne ya fito da abu, majina ko jini. Ana kuma aronta ga kuɗin da aka biya ba da son rai ba: *he coughed up the money*. Namu na gida, *he must vomit the money*, kowa a Najeriya ya gane shi, mu ma muna cewa sai ya amayo abin da ya ci, amma kada ka kai shi takardar jarrabawa.

Me ya sa a fim ba na jin waɗannan manyan kalmomi, sai *kick out* da *throw out*?

Domin Turanci hawa biyu ne. Akwai kalmomin gado, gajeru, na gida da kasuwa. Akwai kuma na Latin da Faransanci, waɗanda suka kwararo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, suka zama harshen kotu da fada da coci. Kamar dai yadda muke cewa "ya mutu" a wani wuri, "ya rasu" ko "ya yi wafati" a wani. Yaro zai gaya wa abokinsa *I got kicked out of school*, shugaban makaranta kuma ya rubuta wa uban *your son has been expelled*. Abu ɗaya ne ya faru.

Alherin *kick out* da *throw out* shi ne suna shiga ko'ina: gida, makaranta, jam'iyya, ƙasa. Idan kana hira ka rasa wadda za ka ɗauka, ɗauki ɗaya daga cikinsu, ba za ka ji kunya ba. A wasiƙar hukuma ko muƙalar WAEC kuwa ka guje su.

Akwai 'yan'uwansu masu hoto a ciki. *Drive out* fatattaka ce, ta yaƙi ko ta matsin da ke sa mutane barin gari. *Force out* matsa wa mutum lamba ne har ya ajiye aiki da kansa. *Flush out* daga farauta ta fito, kare ya shiga ciyawa ya taso da fakara, shi ya sa kakakin soja ke sonta idan ana maganar 'yan bindiga a daji. *Smoke out* kuwa duk yaron ƙauye ya san ta a aikace: a tara karmami a bakin ramin gafiya, a kunna wuta, a yi ta fifita hayaƙi ciki, wani na tsaye da sanda a ɗaya ƙofar.

Waɗanne kurakuran rubutu kuka fi gani?

*Expelled* da *expelling* harafin l biyu ne. Sunan aikin *expulsion* ne, ba *expellation* ba, wadda na gani a takardu fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wurin da aka baro *from* yake ɗauka: *expelled from*, *evicted from*, *ejected from*. Wurin da aka nufa *to*: *deported to Niger*, *extradited to Britain*, *banished to Lokoja*. Ba a cewa *evicted out*, domin waje na cikin kalmar tun asali, kamar ka ce "ya fito waje zuwa waje" ne.

Sai matsalarmu ta gado, p da f. Ka haɗa leɓɓanka ka ce *deport* da *expel*, ka sa haƙori a leɓe ka ce *fire*. Na taɓa jin ɗalibi ya tashi a muhawara ya ce *depot* yana nufin *deport*, alƙalai suka ɗauka maganar ma'ajiyar man fetur yake.

Malam, ya zan ce miji ya kori matarsa?

Ya danganta da abin da ya faru. Idan ya ce ta tafi gidansu ba tare da saki ba, *he sent her back to her parents*, ko *he threw her out* idan korar kare ya yi mata. Idan ya ba ta takarda, *he divorced her*. Idan ita ce ta yi yaji, ba kora ba ce sam, *she left*, sai ka ƙara bayani, domin Turanci ba shi da kalma ɗaya da ta ɗauke yaji da biko. Kada dai ka ce *he sacked his wife*, ko da ka ji ana faɗa a gari. Ba albashi yake biyanta ba.

Ta ƙarshe: malamin ruƙiyya ya fitar da aljani. Wace kalma ce?

*Exorcise*, ko *cast out* a tsohon salon littattafan addini. Ana iya cewa *drive out* ma. Ka kula da harafin o ɗin nan na tsakiya, domin tazarar da ke tsakaninta da *exercise*, motsa jiki, ba ta da yawa a rubuce, a baki ma kusan babu. Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta taɓa rubuta mini labari mai kyau kan ƙawarta da ta faɗi a ɗakin kwana, aka kira malami cikin dare. Jimlarta ta ƙarshe ita ce *the mallam exercised the jinn for two hours*. Na zagaye kalmar da jan biro, na rubuta a gefe: "Gudu ya sa shi, ko tsallen kwaɗo?"